Garwashin Inna

Furfura ta fara cin gemun Auta, amma a gidan hayar da suke zaune babu mai kiransa da wani suna sai wannan, domin da shi mahaifiyarsa take ƙwala masa kira tun daga ƙofar ɗaki har bakin famfo. Kafinta ne. Shagonsa yana bayan kasuwa, tafiyar ƙafa ce, kuma kullum da yamma idan zai dawo sai ya cika wani ɗan buhu da ɓawon katako da guntayen da zarto ya zubar, ya rataya a kafaɗa. Na Inna ne. Ranar da ya manta, tun kafin ya cire takalmi za ta dubi kafaɗarsa ta ce, "Yau kuma hannu rabbana ka shigo min? Ko itatuwan duniya ne suka ƙare?"

Inna a gaban murhu ta yi rayuwarta. Da sauran ƙuruciyarta mijinta ya rasu ya bar ta da yara, Auta yana goye a baya, sai wata maƙwabciya ta samo mata aiki a kicin ɗin wata makarantar kwana. Ba girki aka ɗauke ta ba. Aikinta shi ne ta riga kowa zuwa ta tayar da manyan murahun da ake ɗora wa tukwanen nan da mutum zai iya ɓuya a ciki, yadda idan masu girki suka iso za su tarar hayaƙi ya gama fita, wuta ta zauna da gindinta. Da yamma kuma ita ce ta ƙarshen tashi. Takan tattara garwashin da ya rage ta binne shi cikin toka, washegari ta tone ta samu jan idonsa yana nan, ta ɗora masa ɓawo, ta sunkuya ta hura. Sai ta daɗe ba ta ƙyasta ashana ba. Kananzir kuwa ba ta yarda ya kusanci murhunta, ta ce warinsa yana bin abinci har cikin cikin yaro. Yatsunta sun yi kanta har takan ɗauki garwashin da ya faɗo ta mayar tana ci gaba da hirarta. Da wannan aikin ta ciyar da su, ta kai babbar 'yarta makaranta har ta zama ma'aikaciyar ofis, shi kuma Auta, da aka ga boko ba ya shiga kansa, ta kai shi wajen koyon sana'a.

Ba ta yarda a yi wa maganar wuta kuɗin goro. Auta ya sha ranƙwashi a kan haka yana yaro. Idan ya ce, "Inna, in kunna murhu?" sai ta ce, "Rediyo ne? Fitila ake kunnawa, a taɓa ta kama, a juya mata baya. Murhu hura shi ake yi. Sai ka durƙusa masa, ka ba shi numfashinka." Bankawa a wurinta aikin mai gaggawa ne ko mai haushi, wanda zai tara itace ya tuttula mai ya ja da baya. Cinnawa kuwa ko faɗarta ba ta so a yi a ɗakinta. Wanda ya cinna wa abu wuta, in ji ta, ya riga ya yanke a ransa cewa abin nan ba zai kwana ba. Juji ake cinna wa, da busasshiyar ciyawa, sai kuma mugun da ke cinna wa dukiyar wani.

A layin da suka zauna a wancan lokacin, hayaƙinta ne yake fara tashi. Mata sukan zo da murfin kwano su ɗebi wuta. Wadda ta haihu kuwa, ko take kwance ba lafiya, Inna ba ta jira a aiko. Da kanta take ɗibar garwashi a wani tsohon murfin tukunya ta kai har ƙofar ɗaki, ta ajiye, ta yi gyaran murya, ta wuce. Murfin ya biyo ta duk gidan da suka koma. Ya yi baƙi ƙirin, gefensa ya lanƙwashe, maɗaukinsa ya karye Auta ya sa masa na katako.

Ruɗewar tsufa a hankali ta zo mata. Da farko tambaya ce take maimaitawa. Daga baya ta fara kiran matar Auta da Uwar Kicin, wato shugabarsu ta wancan aikin, tana ba ta haƙuri wai ta makara. Jikokinta wata rana ta san su, wata rana ta tambaye su 'ya'yan wane gida ne. Amma wuta ba ta ɓace mata ba. Gidan hayar ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida mai siminti, famfo ɗaya a tsakiya, igiyoyin shanya sun gitta ko'ina, kowane ɗaki da tukunyar gas ɗinsa ko risho. Inna ce kaɗai take da kurfoti, a wani lungu jikin katanga. Gari na wayewa za ta fito ta tone tokarta ta hura, ta ɗora ruwa. Babu wanda yake matuƙar bukatar ruwan, amma matar Auta takan juye wa yara su yi wanka, ta sake cika mata tukunyar.

"Ka bar ta da abinta," takan ce wa mijinta. "Ranar da wutar nan ta kama mata da kyau, lafiya lau muke wuni. Har abinci tana ci ba sai na yi ta lallami ba."

A ɗakin ƙarshe akwai wata malamar makaranta da mijinta direban babbar mota. Malama ta haihu, aka dawo da ita daga asibiti da jaririnta, mai kuka kamar an aiko shi. Wata safiya, Direba ya riga ya fita, Auta yana ɗaki yana neman tef ɗin awonsa, kukan jaririn ya ratsa tsakar gida ya iske Inna a gaban kurfoti. Abin da ta saba yi shekara da shekaru shi ta yi. Ta cika murfinta da garwashi, ta taka a hankali har ƙofar Malama, ta ajiye a bakin dokin ƙofa, ta yi gyaran murya, ta koma wurinta.

Labulen ƙofar irin mai santsin nan ne mara nauyi. Iska ta kaɗo shi ya shafi murfin.

Ihun matarsa ne ya fito da Auta. Ya tarar wuta ta haye labulen har sama, tukunyar gas kuma tana nan bayan ƙofar, taku ɗaya. Bai san lokacin da ya fizge labulen da hannu ya yar a siminti ba. Matarsa ta sheƙa bokiti, wani maƙwabci ya ƙara wani. Kafin a ce me, abin ya mutu, sai ƙauri da baƙin ruwa yana bin tsakar gida. Katakon ƙofar ya babbake ta gefe guda, robar kayan jariri ta narke. Malama ta fito rungume da ɗanta. Tafin hannun Auta ya tashi.

Inna ta taso ta tsaya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ta ga murfinta a kife cikin ruwa.

"Wa ya zubar?" ta ce. "Mai jego ce fa. Ai ba a barin mai jego babu wuta."

Da la'asar wakilin mai gida ya zo, wani dattijo mai ciwon gwiwa, aka fito masa da benci. Mazan gidan suka taru. Direba ya dawo, an riga an gaya masa a waya, idonsa ya kaɗa.

"Ni ba doguwar magana na zo yi ba," ya ce. "Tsohuwarka ta cinna wa ɗakina wuta, matata da jaririna suna ciki."

Kalmar ta sauka a ƙirjin Auta fiye da zafin hannunsa. Ya duba lungun katanga ko Inna ta ji. Tana can tana goge murfinta da gefen zani.

"Ba cinnawa ta yi ba," ya ce a hankali. "Kawo muku ta yi. A zamaninsu haka ake yi wa mai jego."

"To labulen ya san da haka? Ko tukunyar gas ɗin ce za ta tsaya ta tambayi niyya?"

Auta ya san mutumin yana da gaskiya. Da nasa jaririn ne, shi ma abin da zai faɗa ke nan, wataƙila ma fiye. Ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, ya ce ƙofar shi zai gyara da hannunsa.

Wakili ya murza gwiwarsa ya ce, "Auta, ni ma na yi jinyar uwa, na san abin. Ba na son a ce a bakina aka kori tsohuwa. Amma magana ta kai kunnen mai gida, kuma mutanen nan da 'ya'yansu suke kwana. Wuta a buɗe ta ƙare a gidan nan. Ko dai wutar ta fita, ko ku fita tare da ita."

Washegari Yaya ta zo, babbar 'yar Inna. A can wani gefen gari take, a saman bene, gidan da komai na lantarki ne. Ta duba hannun ƙaninta, ta yi masa faɗa don bai je an wanke masa ba, sannan ta ja shi waje jikin motarta.

"Ka kawo min ita," ta ce. "Ga ɗaki, ga mai aiki, ƙofa kuma da makulli. Ko tsinken ashana babu a gidana."

"Yaya, kin manta zuwanta na bara? Bango ta yi ta kallo. Ko ruwa sai an ɗura mata."

"Gara ta kalli bango da a kira ni a ce min ta ƙone. Kai dai har yanzu nono kake nema, da gemunka da komai."

Ya yi murmushin dole. Ya san ba ƙin uwar take yi ba. Ita ce mai sayen magani, ita ce mai kai ta asibiti, kuma tsoron da ke idonta irin nasa ne. Amma shi ne yake ganin Inna da safe, ita ba ta gani. Ya roƙe ta ta bar shi ya gwada tukuna, zai raba ta da wutar a nan inda ta san ƙofa da famfo da muryoyin jikokinta.

"Shi ke nan," in ji Yaya. "Amma ko ƙyas na sake ji, zuwa zan yi in ɗauke ta. Ba sai na tambaye ka ba."

Da yammar nan, Inna tana ɗaki, Auta ya tsuguna a lungun katanga ya tone tokar. Garwashin yana nan da ransa. Ya daɗe riƙe da kofin ruwa kafin ya zuba. Ya ɗauke kurfotin ya kai shago ya tura ƙarƙashin tebur, matarsa ta kwashe duk ashanar ɗakin ta kulle a akwati. Murfin ne kawai ya bari, ya ga ba shi da abin da zai ƙona.

Da safe ya ji motsinta a tsakar gida. Ya leƙa ta taga ya gan ta tsugune tana shafa simintin lungun da tafin hannu.

"Auta. Wa ya taɓa min wuri?"

"Wutar ce ta mutu, Inna."

"A hannuna?" Ta dube shi kamar ya zage ta. "To ara min ashana."

"Babu, Inna. Ta ƙare."

Can ta miƙe ta ɗauki murfinta, domin a saninta wadda wutarta ta mutu wajen maƙwabta take zuwa. Ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya tana sallama. "Ko da sauran wuta a wajenku?" Wata ta ce ta yi haƙuri. Wani saurayi mai gyaran waya ya nuna mata gas ɗinsa ya ce, "Kaka, ai irin wannan ba ta ɗebuwa, sai dai in ba ki tukunyar gaba ɗaya ki aure ni." Ba ta yi dariya ba, ita da take mayar masa da wasa har ya rasa ta cewa. Da ta isa ƙofar Malama, nan ma ta yi sallama. Malama ta buɗe kaɗan, jaririn a kafaɗa, ta ce, "Babu, Inna," da murya mai taushi, sannan ta mayar ta sa sakata.

Haka aka yi ta yi kowace safiya. Ta zagaya, ta dawo, ta zauna a bakin ƙofa da murfin a cinya. Abinci sai ta ɗan taɓa ta ture. Ta daina kiran matar Auta da kowane suna. Da yamma Auta ya shigo ba buhu a kafaɗa, ta dube shi ta kawar da kai, shi kuwa da ta yi masa gorin da ya fi masa sauƙi. A shago ya auna katako ya yanke, ya ga ya yanke ba daidai ba. Yaya takan kira ta ce, "Ya jikin nata?" ya ce, "Da sauƙi."

Ran nan ya fito daga wanka ya tarar matarsa tana leƙa bayan ƙyaure.

"Baban yara, Inna tana wajenka?"

"A banɗaki?"

Ƙofar gida a buɗe take, wani mai sammako ya fita bai ja ba. Takalmanta ba sa nan. Murfin ma ba ya nan.

Ya zura riga a bai-bai ya fita. Ya duba hagu ya duba dama, titi ya fara cika da 'yan makaranta da masu babur. Wayarsa tana aljihu tana dukan cinyarsa, ya san ya kamata ya kira Yaya, ya kuma san abin da kiran zai jawo. Ya ce bari ya kai bakin kwana tukuna. Mai kanti bai gan ta ba. Mai shayi ne ya ce, "Tsohuwa da murfi? Ta zo. Na nuna mata da gas nake dafawa, ta yi tsaki ta ce duk garin nan babu mai hankali. Ta nan ta bi." Ya nuna wani lungu da Auta bai cika bi ba.

Tun daga bakin lungun ya hango siririn hayaƙi. Wata rumfar kwano ce, da dogon tebur an shimfiɗa masa bargo da farin ƙyalle, kayan mutane a ɗaure ƙulli-ƙulli a gefe, duwatsun guga na gawayi guda biyu a buɗe suna jira. A waje, kan ƙasa tsura, nesa da kayan, akwai rabin garwa da ake tayar da gawayi a ciki. Inna tana durƙushe a gabanta, kumatunta a kumbure, tana hurawa a hankali. Wani dogon mutum mai tsohuwar singileti yana tsaye a kanta ya riƙe ƙugu.

Auta ya ƙarasa ya dafa ginshiƙin rumfar.

"Taka ce?" in ji dogon. "To madalla. Zo ka karɓar min kwalbata, ƙwacewa ta yi."

Sai a lokacin Auta ya ga kwalbar kananzir a maƙale ƙarƙashin hammatar Inna.

"Ina cikin zubawa ta zo ta buge min hannu. Wai a gidan wa aka koya min banka wa gawayi wuta kamar mai ƙona mushe. Na ce uwata, sauri nake, masu kaya za su zo. Ta ce in tafi in samo mata kwali busasshe. Ni da rumfata, ni ake aike." Ya girgiza kai. "Kuma na je."

"Ka yi haƙuri, don Allah. Ba ta da lafiya ne, tsufa ya..."

"Na gane tun da ta kira ni Mai Gadi. Dogo ake ce min, amma yau na zama Mai Gadi. Bar ta ta gama. Ta riga ta cinye min safiya, saura kaɗan."

Suka tsaya suna kallo. Ta jera gawayin manya a ƙasa, ƙanana a sama, ta bar ƙofa ta gefen da iska ke zuwa. Ba ta gaggawa. Idan ta hura sai ta dakata ta saurara, kamar mai jiran amsa. Ja ya fara bin gefen gawayin yana shiga ciki. Da ta ɗago, fuskarta da toka, idonta ya sauka a kan Auta, ta gane shi sarai.

"Kai kuma me ya fito da kai da riga a juye? Haka za ka je wa mutane aiki?"

Ya juya baya kamar mai gyara rigar, ya goge idonsa da ita.

Dogo ya ɗebi garwashi ya cika duwatsunsa. Sai Inna ta jawo murfinta ta fara ɗibar nata da yatsu. Auta ya matso kusa da ita.

"Inna, a bar ta a nan."

"Mai jegon fa?"

"Tana da wuta. Mijinta ya tanadar mata."

"Ƙarya kake. Ban ga hayaƙi a ɗakin ba." Ta miƙe da murfin a hannu. Auta ya tsaya a gabanta, bai san yadda zai yi ba. Bai taɓa ƙwace abu a hannun mahaifiyarsa ba, kuma idan garwashin nan ya shiga gida, zamansu ya ƙare.

Dogo ya dubi ɗan, ya dubi uwar. Ba a gaya masa labarin labule ba, amma ya ga hannun da ke naɗe da bandeji. Ya ajiye dutsen guga ya sha gabanta, ya haɗe rai kamar gaske.

"Uwata, ina za ki da wutar ma'aikata? Ba a fita da ita. Doka ce. So kike a kore ni?"

Inna ta tsaya. Wannan magana ce da ta sani.

"Uwar Kicin ce ta ce?"

"Ita da bakinta. Ta ce kuma a gaya miki gobe kada ki makara. Kawo murfin in rataye miki a nan, kayan aiki a wurin aiki suke kwana."

Ta juye garwashin cikin garwar, ta miƙa masa murfin. Ya rataye shi a ƙusa jikin ginshiƙi. Ta ce masa da yamma ya rufe sauran da toka, kada ya kuskura ya zuba ruwa, ya ce ya ji. A hanyar komawa ta ce wa Auta yunwa take ji.

Bai ɓoye wa Yaya ba. Da rana ya kira ta ya faɗa mata komai, har da buɗaɗɗiyar ƙofa da neman da ya yi. Ya ce sun yi magana da mai gugar, kullum zai riƙa biyawa da ita idan zai tafi shago, matarsa ta je ta taho da ita idan rana ta ɗaga. Ya sa wa ƙofar gida sakata ta sama inda hannun Inna ba ya kaiwa.

"Ban gane ba," in ji Yaya. "Uwar tamu ce za ta koma yi wa mai guga aikatau a bakin hanya? Duk wahalar da ta sha ba ta isa ba? Auta, kana da hankali kuwa? Ina zuwa ranar hutu. Ka haɗa mata kayanta."

Kafin ranar hutun Inna ta je aiki kowace safiya. Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Wata rana tokar Dogo ba ta riƙe ba, Inna ta yi masa tas a gaban mai kawo kaya. Wata rana ta ƙi tafiya gida sai da aka yi ta fama. A gidan haya kuma Direba bai fasa ɗauke kai ba idan sun haɗu a bakin famfo, ko da yake sabon katakon ƙofarsa ya fi tsohon kyau. Matar Auta ta haɗa kayan a jaka kamar yadda aka ce, ta ajiye bayan ƙofa.

Yaya ta iso da sassafe, ta tarar sun riga sun fita. Matar Auta ta kwatanta mata lungun. Mota ba ta shiga, sai ta taka da ƙafa, tana ɗage gefen doguwar rigarta saboda ruwan kwata. Auta ya hango ta ya taso daga kan dutsen da yake zaune. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta wuce ta tsaya dab da garwar, tana kallon mahaifiyarta durƙushe a ƙasa, gwiwoyi cikin ƙura.

"Inna," ta ce. "Inna, ni ce. Tashi mu tafi gida."

Inna ba ta ɗago ba. Ta hura, ta dakata, ta sake hurawa. Sannan ta ɗaga hannu ta yi nuni gefe.

"Baiwar Allah, ɗan matsa. Kin tare mata iska."

Yaya ta matsa. Dogo ya gaishe ta, ya ga ba ta ji ba, ya ci gaba da yayyafa wa wata riga ruwa. Ta tsaya a wurin har gawayin ya kama, har Inna ta zauna a kan dugaduganta tana numfashi, ta karɓi kofin shayin da Dogo ya miƙo mata ta shanye, ta ce sukari ya yi kaɗan. Yaya ta daɗe ba ta ga ta gama kofi ba.

Ta juya ta kama hanyar mota. Auta ya bi ta a baya, yana jiran ta ce ya ɗauko jakar. Sai da suka kai bakin titi ta tsaya tana neman makulli a jakarta, ba ta dube shi ba.

"Kai wane irin kafinta ne?" ta ce. "Uwarka tana durƙuso a ƙasa da wannan gwiwar. Ka yi mata 'yar kujera mara tsawo, mai wurin jingina. Kuma ka saya mata abin rufe hanci, ƙurar gawayin nan ba ta da kyau."

"To, Yaya."

"Ban ce na yarda ba."

"Na sani."

Ta shiga mota ta tayar. Ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya koma cikin lungun don ya auna tsayin garwar.